Yadda ake haɗa agogon hannu mai kusurwa takwas da kwali da gwangwanin lemo

Agogon da za mu kwaikwaya a nan shi ne Royal Oak, na kamfanin Audemars Piguet da ke ƙauyen Le Brassus a ƙasar Suwizalan. Ko ba ka san sunan ba na tabbata ka san fuskar, shi ne ɗin nan mai kusurwa takwas da noti takwas a bakinsa da ake gani a hannun 'yan ƙwallo da manyan mawaƙa. Kamfanin tun 1875 yake, amma wannan samfurin sai a 1972 ya fito, wani mai zane ɗan Geneva da ake kira Gérald Genta ne ya zana shi, kuma abin da ya ɗaure wa mutane kai a lokacin shi ne da ƙarfe aka yi shi ba da zinare ba, amma kuɗinsa ya haura na agogunan zinare da yawa. To wannan ne ma dalilin da ya sa na zaɓe shi. Kyawunsa ba a launin zinare yake ba balle a ce sai an nemo fenti mai tsada, yana cikin awo ne da yadda haske yake kwanciya a jikin ƙarfen, wani wajen dishi-dishi wani wajen ƙyal-ƙyal. Wannan kuwa gwangwanin lemo da sanfefa za su ba ka shi in ka yi haƙuri. Ga shi kuma miƙaƙƙen layi ya fi da'ira sauƙin yankawa da reza, don haka mai koyo ma zai iya.

Tun yanzu mu fahimci juna, abin ado ne da koyon aikin hannu za mu yi, na sakawa a hoto, na wasan kwaikwayon makaranta, na faranta ran ƙani ko ɗa. Ba na kai wa kasuwa a ce na kamfani ba ne. Zan dawo kan wannan in mun zo wajen rubutun fuska.

Kayan aiki

Kwali iri biyu za ka nema. Mai tauri mai launin toka, irin na bayan kalanda ko bangon littafin zane, wanda kaurinsa ya kai milimita 1 ko sama da haka, sai kuma siriri irin na kwalin ganyen shayi ko na man goge baki. Kar ka yi amfani da kwalin taliya mai ramuka a ciki, da ka danna shi yake lotsewa kuma gefensa ba ya taɓa yin kyau. Sai gwangwanin lemo na alminiyom guda biyu ko uku, wanda bai lotse ba. Sai salatif ɗin alminiyom irin na masu gyaran firji da AC, wannan in ka samu ya rage maka rabin wahala, mita ɗaya ma ta yi yawa. Gam kala biyu: farin gam na kafintoci don manna kwali da kwali, da kuma gam ɗin masu gyaran takalmi don manna ƙarfe da kwali. Sanfefa mai laushi, lamba 400 ko 600, masu fentin mota suna da ita. Sabuwar reza, ƙaramin almakashi, hantsaki, tsinken sakace, rula ta ƙarfe in akwai, set ɗin lissafi na 'yan makaranta saboda kamfas da rabin da'irar nan mai lambobin digiri, fensir mai tsini, biron da tawadarsa ta ƙare, maka shuɗiya irin wadda ba ta gogewa, da jan farce mara kala. Gilashi kuma daga roba mai haske za mu yanko, irin wadda ake rufe fakitin caja ko iyafis da ita, ka nemi wajen da yake shimfiɗe ba ƙarzuwa. Na ƙarshe ƙyalle mai ƙarfi na maɗauri, tsohon wandon jins ya isa, ko guntun fata daga wajen dukawa.

Fara da gwangwanin

Ka wanke shi ya bushe. Huda da bakin almakashi kusa da wuyansa ka yanke saman, ka yanke ƙasan, sannan ka tsaga shi a tsaye, za ka samu falle ɗaya mai naɗewa. Bakin nan yana yanka sosai, wallahi ya fi yadda kake zato, don haka abu na farko ka datse gefunan masu haƙora da almakashi ka zubar da su inda yara ba za su taka ba. Don ya miƙe, ka kama shi hannu biyu ka ja shi a gefen tebur ta ɓangaren da ya saba wa naɗinsa, a hankali, har ya kwanta. In ka yi da ƙarfi zai yi layi-layi na karyewa kuma ba sa fita.

Cikin gwangwanin, wato ɓangaren da ba rubutu, shi ne zai zama fuskar ƙarfenmu. Yanzu aikin da ya fi komai muhimmanci a duk wannan bayanin: gugar sanfefa. Ainihin agogon ana goge saman zobensa ne da layuka sirara masu tafiya daga wajen ƙarfe 12 zuwa wajen ƙarfe 6, duk hanya ɗaya, shi ya sa in mutum ya juya hannunsa sai ka ga haske ya zame a kai gaba ɗaya. Ka shimfiɗa fallen a kan allo ko tayil, ka naɗe sanfefa a jikin ɗan katako mai faɗi, ka ja daga sama zuwa ƙasa, ka ɗaga, ka koma sama, ka sake ja. Ban da kai da komowa, ban da zagayawa. Ja ɗaya a karkace ya isa ya ɓata wajen, ido yana kama shi nan take ko mutum bai san me ya gani ba. In hannunka yana kaucewa ka kwantar da rula a gefe katakon ya riƙa bin ta. Ka ci gaba har sheƙin nan na roba-roba da ke cikin gwangwanin ya tafi ya koma ƙarfe sak. Falle ɗaya da rabi ka goge haka, ragowar ka bar shi da sheƙinsa don noti da hannayen agogo.

Jikin agogon

Na asalin na 1972 faɗinsa milimita 39 ne, kaurinsa wajen 7, a zamanin ana ganinsa ƙato har ake masa laƙabi da Jumbo. Namu za mu ɗan ƙara, jiki 42, zobe 40, saboda yankan ya yi sauƙi.

A kan kwali mai tauri ka zana akwati mai faɗin milimita 42 da tsawon 50. A layin sama da na ƙasa ka auno milimita 8 daga kowace kusurwa ka ɗiga, abin da ya rage a tsakiya 26 kenan, nan maɗauri zai kama. A layukan gefe kuma ka auno 17 daga kowace kusurwa. Haɗa ɗigon sama da na gefe da rula, ka yanke kusurwoyin huɗu. Wannan na farko shi ne ma'auninka, da shi za ka zana sauran, kar ka sake awo daga farko don kowanne zai fito da ɗan bambancinsa. Ka yanka guda huɗu in kwalin milimita 1 ne, abin da ake so dai in an ɗora su kaurin ya kai 4. Wajen yanka kar ka ce sai reza ta ratsa a ja ɗaya, ka bi layin sau uku ko huɗu a hankali, gefen ya fi fita tas.

Ka manna uku da farin gam, na huɗun wato na can ƙasa ka ajiye shi gefe tukuna, tsakaninsa da sauran ne za mu cusa ƙyallen maɗauri. Gam ɗin siriri za ka shafa da yatsa, in ya yi yawa kwalin zai jiƙe ya lanƙwashe. Ɗora littattafai masu nauyi a kai ya kwana. Washegari ka goge gefunan da sanfefa har ya zama kamar abu ɗaya ne ba a ga layin haɗi, sannan bakin sama da na ƙasa, milimita 5 ɗin nan da za su leƙo bayan zobe, ka goge su a gangare suna sauka wajen maɗauri. Gangaren nan ƙaramin abu ne amma shi yake sa agogon ya kwanta a hannu maimakon ya zauna a kai tsololo.

Yanzu ka yanko ƙarfen da ka goge daidai girman saman jikin, ka lura layukan gugar su bi tsawon agogon. Gam ɗin takalmi ba a shafa shi a manna nan take, a shafa wa ɓangarorin biyu ne a bar shi ya sha iska har in ka taɓa ba ya bin yatsa, sannan a haɗa a danne. Kuma da ya kama ya kama, ba gyara, don haka ka saita da kyau kafin ka sauke. A waje ko bakin taga ake wannan, warinsa yana hawa kai. Gefunan kuma ka naɗe su da siririn salatif ɗin alminiyom, ka murje da bayan cokali ya kwanta.

Zoben mai kusurwa takwas

Ga hanya mafi sauƙi, ba sai ka sha wahalar digiri ba. Zana murabba'i milimita 40 kowane gefe. Daga kowace kusurwa ka auno milimita 11.7 ta gefe biyun, in rularka ba ta nuna haka ka tsaya ƙasa da 12 kaɗan. Haɗa ɗigogin ka yanke kusurwoyin huɗu, ka samu kusurwa takwas da kowane gefe ya kusa milimita 16 da rabi. Kafin ka yanke ka ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa na murabba'in, inda suka haɗu nan ne tsakiya, ka kafa kamfas ka buɗa shi milimita 15 ka zana da'ira, ramin fuska kenan mai faɗin 30. Ka sake buɗa kamfas ɗin 18 ka zana wata da'irar a hankali, a kanta noti za su zauna.

Guda uku za ka yanka. Biyu da kwali mai tauri, ka manna su tare, su ne za su ba hannayen agogon sarari a ƙarƙashin gilashi. Na ukun da siririn kwali, shi za a lulluɓe da ƙarfe ya hau saman gilashi. Cire da'irar a kwali sai da tsinin reza, ɗan kaɗan-kaɗan kana juya kwalin ba hannunka ba. A ƙarfe kuma ka huda tsakiya ka shiga da ƙaramin almakashi kana zagayawa har ka iso layi, ka bar ɗan rara, sannan ka naɗe sanfefa a jikin maka ka goge cikin ramin har ya zagaye sumul. Nan mutane suke gajiya su ce ai ya isa. Bai isa ba. Ramin nan shi ne iyakar fuska, in ya yi ƙwal-ƙwal duk kyan fuskar ya tashi a banza.

Ka tuna yadda zoben yake zama: gefe mai miƙe ne yake kallon 12, da 3, da 6, da 9, kusurwoyin suna tsakani. Gugar sanfefar ma daga 12 zuwa 6, daidai da ta jikin.

Noti takwas ɗin a kusurwoyi suke, kowanne mai kusurwa shida. Daga ƙarfen da ba ka goge ba ka yanko siririn zare mai faɗin milimita 2 da rabi, ka daddatsa shi tsawon 3, ka riƙe kowanne da hantsaki ka ɗan cire kusurwoyinsa huɗu da almakashi, zai ba ka kusurwa shida. Ka yi goma sha biyu ka zaɓi takwas da suka fi kama da juna, don wasu za su yi tsalle su ɓace ma. Tsagar kan notin kuma ka danna bayan reza a tsakiya ba tare da ka ratsa ba. Akwai wani abu da masu jabun kasuwa ma suke yawan kuskurewa: a na asali tsagar notin duk bin zagayen zoben suke, ba kowanne da inda ya kalla ba. Dalili kuwa kan notin a cikin rami mai kusurwa shida yake zaune, ba ya juyawa, ta bayan agogon ake ɗaure shi. Don haka in za ka manna, kowace tsaga ta kwanta a kan da'irar 18 ɗin da ka zana. Ɗigon gam da tsinken sakace ya isa.

Fuska

Nan nake so ka zauna sosai, don nan ido yake fara sauka. Fuskar Royal Oak ba shafaffiya ba ce, an yi mata ƙananan murabba'ai masu tudu jere reras, kamar an yanka alawar madara ƙanana-ƙanana a faranti, kuma ta farkon shuɗiya ce mai duhu. Ka yanko ƙarfe wanda ya fi fuskar girma, kamar 45 da 45, ka manne gefunansa da salatif a kan littafin rubutu don ƙasan ya ɗan yi laushi. A gefuna huɗun ka ɗiga alama duk bayan milimita 2, mai ƙarfin ido ya yi 1 da rabi, ya fi kama da na gaske. Sai ka ɗauki mataccen biron nan da rula ka ja layuka a tsaye duka, da nauyin hannu iri ɗaya, sannan ka ja na kwance. Layukan za su nutse, tsakaninsu ya taso. Kar ka danna har ƙarfen ya huje, kuma kar ka bi layi sau biyu sai in na farkon bai fito ba sam. Ka tabbata akwai layi ɗaya a tsaye da ɗaya a kwance da suka ratsa ta tsakiya daidai, daga mahaɗarsu za ka kafa kamfas. In ƙarfen ya ɗan kumbura bayan ka gama, ka kifa shi ka danne da littafi, ban da murzawa.

Launi kuma maka ta fi fenti nesa ba kusa ba, saboda fenti rufe ƙarfen yake ya kashe shi, ita kuwa maka tana barin sheƙin ya leƙo ta ƙasa. Ka shafa hanya ɗaya, ya bushe, ka ƙara ta ɗaya hanyar. Za ka ga tawadar ta fi taruwa a cikin layukan, ta yi duhu a can, saman tudun ya yi haske, abin da ake nema kenan. Kar ka shafa jan farce a kan maka, narkar da ita yake ya bar maka dabbare-dabbare, gilashi zai kare fuskar ai. Bayan ta bushe ka zana da'ira mai faɗin 32 ka yanke, ka manna a tsakiyar jikin, layukan su miƙe da 12 da 6.

Alamomin awa ba lambobi ba ne, 'yan sanduna ne. Ka yanko su faɗin milimita 1 tsawon 4, guda biyu a jere a wajen 12, ɗaya-ɗaya a sauran, ban da wajen 3 don nan tagar kwanan wata take. Tsakanin kowace awa da ta gaba digiri 30 ne. Kar ka zana a kan fuskar, ka zana a takarda: da'ira mai layuka goma sha biyu, ka cire tsakiyarta faɗin 30, ka ɗora a kan fuskar ta zame maka jagora, kowace sanda ta kalli tsakiya, bakinta na waje ya tsaya kamar milimita 1 kafin zobe. Tagar kwanan wata kuma ɗan farin kwali ne milimita 3 da 3 ka rubuta lamba da baƙin biro mai siririn baki, ko ka yanko lamba daga ƙaramar kalandar aljihu, ta fi tsafta.

Hannaye biyu kawai za ka yi, na farkon ma bai da hannun sakan. Na awa tsawon 9, na minti 13, faɗi 1 da rabi, ka zagaye bakinsu, ka manna siririn farin layi na takarda a tsakiyar kowanne. Ka saita su a ƙarfe 10 da minti 10, yadda ake yi a tallan agogo, don a haka hannayen ba sa rufe suna da taga kuma fuskar ta fi daidaito. Amma fa ka lura, in minti 10 ta wuce hannun awa ba ya kan 10 cif, ya gota da digiri 5, wato kashi ɗaya cikin shida na hanyar zuwa 11. Wanda ya san agogo da wannan yake gane aikin wanda ya kula. Ka rufe mahaɗarsu da ɗan ƙaramin da'irar ƙarfe, ko kan fil ɗin ɗinki da aka datse.

Sai maganar suna. Shawarata kar ka rubuta sunan kamfanin ko haruffansu biyun nan, wato AP. Na ɗaya rubutun hannu a wajen da bai kai farce ba ba ya kyau, shi yake fara tona asirin aikin. Na biyu suna haƙƙin masu shi ne, kuma ranar da wani ya ɗauki abin nan ya nuna shi a hoto don ya karɓi kuɗin wani, an shiga ha'inci, mu kuwa mun san hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. In kana son rubutu ka sa harafin farko na sunanka ko na wanda za ka ba, ka yanko shi daga jarida ko ka buga ƙarami a shagon kwamfuta. Aikinka ne, sunanka ya fi cancanta a kai.

Rufewa

Ka manna zoben kwali biyun a kan jiki da farin gam, bayan ka shafe cikin ramin da baƙar maka ko ka liƙa masa salatif ɗin alminiyom don kar launin kwali ya leƙo. Yanko robar gilashi mai kusurwa takwas ƙasa da zoben kaɗan, kamar 38, ka goge ta da ƙyalle mai laushi ciki da waje, ka hure ƙurar da ke kan fuskar, don duk abin da ka rufe a ciki ya zauna kenan. Dan Allah kar ka kusanto da sufa gulu nan wajen. Tururinsa yana bin roba ya bar farin hazo ta ciki inda ba za ka iya gogewa ba. Farin gam siriri a can gefe ya wadatar. Ɗora gilashin, ɗora zoben ƙarfe mai noti, danne ya bushe. Sannan ka yanko salatif ɗin alminiyom siriri ka zagaye gefen zoben, ka bar kamar rabin milimita ya lanƙwaso sama, ka murje shi da bayan cokali har ya yi ƙyalli. Wannan siririn layin mai ƙyalli kusa da saman da aka goge dishi-dishi, shi ne yake sa mutum ya ɗauka ƙarfe ne aka sassaƙa.

Makunnin gefe, wanda ake murɗawa a saita lokaci, ka naɗe siririyar takarda mai faɗin 3 a jikin tsinken sakace da gam har kaurin ya kai 5, ka lulluɓe da salatif, ka matse shi da hantsaki ta fuska uku ya ba da kusurwa shida, ka huda gefen jikin a wajen 3 ka cusa ragowar tsinken da gam.

Maɗauri

Ka zagaya zare a wuyan hannun wanda zai saka ka auna. A ce ka samu santimita 17, ka ƙara 1 na sakewa, 18 kenan, ka ƙara 2 na inda bakin biyu za su hau juna, ka yanko ƙyalle ɗaya tsawon 20. Guda ɗaya ne zai ratsa ƙarƙashin jikin, ya fi ƙarfi a kan guda biyu. Kusa da jiki faɗinsa milimita 26, ya riƙa sirancewa har ya koma 16 a baki. Ka shafa farin gam a gefunan don kar zare ya warware. Manna shi a ƙasan jikin, ka kawo kwali na huɗun da ka ajiye ka rufe, ka danne ya kwana.

Tunda jiki ya cinye santimita 5 daga cikin 18 ɗin, kowane gefe ya rage 6 da rabi, gaɓa takwas kenan masu tsawon milimita 7 da tazarar 1 a tsakani. Kowace gaɓa siririn kwali ninki biyu ne da ƙarfe a sama, faɗinta daidai da ƙyallen a inda za ta zauna, don haka ka jera su ka sa musu lamba a baya kafin su cakuɗe. Gugar ta bi tsawon maɗaurin, ta ci gaba daga ta jikin. Ƙarfen ka yanka shi ƙasa da kwalin da ɗan kaɗan, ka goge bakinsa, don kar ya yanki fata ko ya kama hannun riga. Wajen mannawa ka naɗe ƙyallen a jikin kwalba mai kaurin hannu sannan ka jera gaɓoɓin, in ka manna su a shimfiɗe tazarar za ta wage da yawa in an ɗaura. A na asali 'yan ƙananan ƙarafa biyu ne suke haɗa kowace gaɓa da ta gaba, kai ma ka yanko su 3 da 4 ka ɗora bibbiyu a kan kowace tazara, amma gefe ɗaya kawai za ka sa wa gam, ɗayan ya zauna sake, in ba haka ba maɗaurin ya sandare. Aiki ne mai cin rai, sun kai talatin, sai dai su ne suke bambanta wannan maɗaurin da na kowane agogo. Na rufewa kuma ka ɗinka maɓallin dannawa irin na rigar jarirai, ko mannen nan na takalmin yara.

In yaro ƙarami ne zai saka, ka bar gwangwani gaba ɗaya a maɗauri, ka yi da salatif ɗin alminiyom kawai, shi ma yana karɓar gugar sanfefa in ka bi shi a hankali.

In kana so ya yi tafiya da gaske

Ana iyawa. Ka samo agogon batir mai araha wanda maɗaurinsa ya lalace, ka kai wa mai gyaran agogo ya cire maka injin da hannayensa, kar ka fizge su da kanka don lanƙwashewa suke. Kafin ka manna falle-fallen jiki ka zana girman injin a tsakiyarsu ka cire, ka bar na sama kawai da ɗan rami na sandar hannaye, ka yanka hanya ta wajen 3 don makunnin injin ya fito, kaga ba ka buƙatar na takarda kenan. Fallen saman ya zama siriri sosai, don sandar gajeriya ce, in fuska ta yi kauri hannayen ba za su kama ba. Tagar kwanan wata sai a haƙura da ita tunda ba za ta canza ba. Murfin baya kuma kar ka manne shi dindindin, ka riƙe shi da salatif saboda canjin batir, yawancin irin waɗannan injin ƙaramin batir mai lamba 377 suke ci, kuma maɗaurin dole ya zama guda biyu a nan. Batir ɗin nan ka kiyaye shi daga yara ƙwarai, haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni, magana ce ta asibiti nan take.

Daga ƙarshe ka bi duk inda kwali ya fito fili, bayan agogon da gefen gaɓoɓi, da jan farce mara kala sau biyu, saboda gumi. Saman ƙarfen da ka goge kar ka shafa masa, yana cike layukan ya kashe hasken. Ko da hakan kwali kwali ne, a cire shi kafin alwala da wanke hannu, kar a bar shi a mota cikin rana don gam ɗin takalmi saki yake in ya ji zafi. In wata gaɓa ta ɗago, ka kankare tsohon gam ɗin da reza tukuna kafin ka sa sabo, in ka ɗora a kan tsohon kwana biyu zai sake ɗagowa.